An Daɓe wa Luyen Lambu

A ƙauyen Dong Mieu, idan aka ji murya ta tashi daga bakin kududdufi tana tsine wa kajin maƙwabta, ba a tambayar ko wace ce. Luyen ce, matar Khiem tsohon mai kwale-kwale. 'Yar ƙaramar mace ce busasshiya kamar kara, amma faɗanta ya ninka jikinta. Ta yi da mai unguwa, ta yi da mai sayar da kifi, ta yi da direbobin motar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun saba, har sukan ce ranar da ba a ji ta ba, sai a leƙa a ga ko lafiya.

Duk da haka babu wanda ke wuce ƙofar gidanta da kaka bai rage tafiya ba. Daga ƙofa har gindin baranda babu inda ƙasa take tsirara, sai wata siririyar hanya ta jan bulo. Da damina kore ne kawai ya cika ko'ina, kamar na kowa. Amma da ruwa ya ɗauke, iska ta fara kaɗawa da sanyi-sanyi, sai gidan ya kama da launi. Furen kuk ruwan ɗorawa ya kwanta ta gefen rijiya, furen zankon zakara ya miƙe jawur ta bakin shinge, waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle shunayya suka cike tsakani. A tsakiya kuma ga bishiyar fu-zung, wadda ta wuce rufin ɗaki. Furenta da safe fari ne fat, da rana ya koma ruwan hoda, kafin faɗuwar rana ya rine ja.

Ba gādon lambun ta yi ba. Tana budurwa, lokacin yaƙi, aka kwashe su da 'yan mata 'yan uwanta zuwa tsaunuka, suna cike ramukan bam a kan hanya don motoci su wuce. Shekarun da ta yi a can ba ta ga launin komai ba sai laka da toka da kakin soja. Ta dawo da zazzaɓi a jiki, gashinta ya zube, da wani ɗan reshe da ta karyo a harabar asibitin da aka kwantar da ita. Da aka yi mata aure ta soke shi a tsakar gidan miji. Lokacin yunwa ne, kowa na cusa rogo da dankali a duk inda ƙasa ta ragu. Uwar mijinta ta tumɓuke reshen ta jefar.

"Fure za mu dafa?"

Luyen ta ɗauko ta mayar. Aka sake tumɓukewa, ta sake mayarwa, har tsohuwar ta gaji. Shi ne fu-zung. Kuk ɗin kuwa daga wurin Nhan ta samo irinsa, ƙawarta da suka yi aikin hanya tare, wadda ba ta daɗe ba bayan dawowarsu ta rasu. Ƙasar ma ita ta yi ta da hannunta: lakar kududdufi, tokar ƙaiƙayin shinkafa, kashin ɓauna, ruwan wankin kifi, shekara da shekaru, har ta koma baƙa ƙirin mai laushi, hannu na nutsewa a ciki.

'Ya'ya biyu ta raina. Thoa tana ɗinki a Hanoi, Doan kuma yana wata masana'antar ƙarfe a Koriya, sai dai a gan shi a waya.

Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ja ya dushe, ɗorawa ta koma kamar ruwan wankin shinkafa. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ci gaba da aiki da hannu da hanci. Asiri bai tonu ba sai ranar da ta taka gansakuka a kan bulon nan, santsi ya kwashe ta, ta karya tsintsiyar hannu. Da hannun ya warke, Thoa ta zo ta tasa ta gaba zuwa Hanoi a cire mata yanar. Sai an yi ido ɗaya ya warke sannan a taɓa ɗayan, don haka ƙarshen damina duk a can ta yi shi, a wani ɗan ɗaki a saman bene, tana ƙorafin ruwan birni da kayan miyar birni.

Kullum sai ta kira mijinta.

"Tsoho, ka tsinke kan kuk ɗin? In ba a tsinke ba tsawo zai yi ya kwanta."

"Na tsinke."

"Ka duba tsutsa a bayan ganye?"

"Na duba, Tsohuwa. Komai lafiya."

"Wace ƙara ce nake ji haka?"

"Maƙwabta ne, gidan Mui. Ɗakin aladu suke gyarawa."

Ranar da aka kwance mata ido na biyu, abin da ta fara yi shi ne faɗa da Thoa a kan rigar da ke jikinta, wai korenta ya yi ihu da yawa. Ta dubi madubi ta ga tamoji a fuskarta, ta ce likita ya yi aikin da ba a sa shi ba. Amma a motar komawa gida sai ta manta da faɗa. Shinkafa ta nuna a gonaki, ta yi ruwan zinariya har ƙarshen gani. Ta manne da taga kamar yarinya. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yanzu kuk ya fara buɗewa. In muka isa kafin yamma zan ga bishiyar tana ruwan hoda." Thoa ta sunkuyar da kai tana ta danne-dannen waya.

Tun daga bakin lungu ta hangi mutane a ƙofar gidanta. Khiem na tsaye a gaba da riga mai guga, abin da rabonsa da yi tun bikin Thoa. Shingen babu shi, sai katanga da ƙyauren ƙarfe mai fentin azurfa. Aka wangale mata ƙyauren.

Siminti ne. Daga ƙofa har baranda, daga rijiya har ɗakin girki, shimfiɗe sumul, rana na dukansa yana mayar mata da hasken cikin sababbin idanunta. A kowane gefen baranda an ajiye tukunya mai ƙyalli da wani ɗan itace da aka yi wa aski.

"Gidan wa ne wannan?"

"Naki mana, Yaya!" in ji Mui maƙwabciyarta, tana tafa hannu. "Ke kam ɗa kika haifa. Dubi fa, ko allura ta faɗi sai kin gan ta. Mu namu ko kwanon rufi ba su canza mana ba."

Luyen ba ta kalle ta ba. "Tsoho. Ina bishiyata?"

Maimakon ya amsa, Khiem ya miƙo mata waya. Ga Doan a ciki, da hular aiki a ka, baki har kunne.

"Inna, kin gani? Yanzu ko da ido a rufe kika yi tafiya ba za ki faɗi ba. Babu santsi, babu sauro, babu maciji."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa. Rabonta da ta gan ta tar haka an yi shekaru. Sannan ta buɗe baki.

"Da ido a rufe? To me ya sa aka buɗe mini su? Don in ga wannan murfin kabarin? Kai Doan, a gindin bishiyar nan na yaye ka. Da ka yi ƙyanda, ganyenta na daka na shafa maka. Wa ka tambaya?"

"Na tambayi Baba, na tambayi Yaya Thoa..."

"Su suka shuka?"

"Inna, don lafiyarki ne."

Ta kifa wayar a tafin hannun mijinta, ta juya ga 'yan kallo. "Me kuke jira? Kuka? Ba za ku gani ba. Ku fita! Mui, ke ma da ke aka yi ƙaryar ɗakin aladu ko? Fice mini kafin in tuna abin da na sani a kanki." Kafin ta rufe baki lungun ya zama wayam.

Ta shiga ɗakin girki don ta sha ruwa, a nan ta sami bishiyar. An faskara ta, an jera ta a gefen murhu, tsaf-tsaf, yadda Khiem ke jera itace. Ta ɗauki guda ta shinshina. Ta fito da shi a hannu, Khiem ya ja da baya har ya yi karo da tukunyar ƙyallin.

"Ka dafa shayi da ita?"

"Ai ba ta bushe ba tukuna," ya ce, sannan ya gane abin da ya faɗa.

"Kullum ina tambayarka, kana ce mini na tsinke, na duba. Me kake tsinkewa? Siminti?"

"Tsohuwa, ni na ɗauke ki ranar da kika faɗi. Hannunki yana lilo. Yaron nan kuka yake yi mini a waya. In ce masa me?"

"Ka ce masa uwarsa ba ta mutu ba, tana da baki! Duk garin nan akwai wanda bai san ina da baki ba?"

Washegari ta bi sawun baro har bakin magudanar ruwa a bayan gari, inda aka zubar da shara. Kuk ɗin Nhan na can ƙarƙashin ɓaraguzan bulo, ya bushe ƙayau. Ta tona da hannu tana neman ko saiwa ɗaya mai ɗanye. Ba ta samu ba.

Daga ranar ta kwashe tabarmarta da bargo ta koma ɗakin girki. Tukunya ɗaya take ɗorawa, ta mutum ɗaya. Khiem, wanda bai taɓa dafa ko ƙwai ba, ya koma cin taliyar leda, yana zaune a baranda da bututun tabarsa na gora yana jin ƙamshin kifinta da ake turarawa a kaskon ƙasa. Doan ya kira ya kira, ba ta ɗauka ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yabo. A kasuwa, a bakin rijiya, a wurin makoki, kowa sai ya taya ta murna. Har mai unguwa ya kawo baƙi daga gunduma su ga gida abin koyi, mai tsabta irin ta zamani. Ta tarye su da tsintsiya a hannu, ta ce in tsabta suke so su je asibiti, can ma haka yake, kuma mutane na mutuwa a ciki.

Likita ya hana ta ɗaga abu mai nauyi, don haka ba ta taɓa diga ba. Ta samo kurfin fasa dutse da 'yar guduma, ta sa tabarau da hular ganye, ta ja kujerar tsuguno zuwa daidai inda bishiyar take, ta fara sara. Ƙwas. Ƙwas. Khiem ya taso da gudu ya tsaya a kanta.

"Idonki za ki lalata! Gumin ɗanki kike farfasawa!"

"Matsa, kana tare mini haske. Na fasa dutse jirage na yawo a kaina, wannan ɓawon ƙwan ne zai gagare ni?"

Ta yi kwanaki tana yi, kaɗan-kaɗan, har ta buɗe rami kamar faɗin faifai. Ta cusa hannu tana jiran laushin ƙasarta. Yashi ta damƙo. Ta ƙara tonawa: yashi, tsakuwa, fasasshen bulo, farar ƙasa. Ta miƙe ko hannu ba ta wanke ba, ta nufi gidan Tuyen magini, ɗan ƙanin mijinta, wanda ya yi aikin. Ta same shi yana cin abinci da ma'aikatansa.

"Ina ƙasata?"

"Gwaggo, zauna mana ki sha shayi."

"Ina ƙasata, Tuyen?"

"Ai ba a zuba siminti a kan irin wannan ƙasar, laushi ya yi mata yawa, tsagewa zai yi. Sai da muka kwashe."

"Kuka kai ina?"

Ya sosa ƙeya. "Mun yi ciko da ita a bakin titi. Inda aka gina shagon gyaran babur."

"Ciko." Ta maimaita kalmar a hankali. Sai kuma muryar ta tashi. "Tun ubanka bai yi hankali ba nake ciyar da ƙasar nan! Abin da ban ci ba na ba ta. Ka kai ta a zuba mata baƙin mai? Kai da ka zo gidana da majina kana roƙon fure ka kai wa yarinyar da ta ƙi ka?" Ma'aikatan suka sunkuya cikin kwanoninsu, kafaɗunsu na rawa. Tuyen ya ce a yi haƙuri, ƙasa ai ƙasa ce, zai kawo mata wata mota guda. Ta ce ya kai wa uwarsa.

Ta dawo gida ta zauna a bakin ramin. Ranar ba ta ɗora tukunya ba, kuma ba a ji muryarta ba har rana ta faɗi. Wannan ya fi tsorata Khiem fiye da duk zagin da ya sha.

Da gari ya waye ta ji motsi a kududdufi. Ta leƙa, sai ga tsohon cikin ruwa har ƙugu, yana kwaso laka da bokiti yana jibgewa a gefe ta sha iska. Da ya kawo baron farko ya juye kusa da ramin, ta murza lakar a yatsu.

"Ta gefen gora za ka ɗebo. Wannan yashi ya yi mata yawa. Shekara nawa kana kan ruwa ba ka san laka ba?"

Da rana ya tarar da kwano a baranda, shinkafa da kan kifi. Kan kawai.

Doan ya zo hutun sabuwar shekara. Ya sauka daga mota da akwatuna, ya tarar da simintinsa kamar ɓera ya ci gefen waina, ga tulin laka, ga ubansa na tafiya a karkace da ciwon baya. Shi ma jininta ne. Ko ƙona turare a gaban hotunan kakanni bai gama ba suka kaure.

"Inna, kin san yadda nake tsayuwa gaban wuta kafin in sami abin da na aiko? Dubi hannuna!" Ya miƙa mata. Duk tabon ƙuna ne, farcen yatsa ɗaya babu. "Ina can, in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce kin sake faɗuwa, wannan karon da ka. Duk wanda na gaya wa sai ya ce na kyauta. Ke kaɗai ce..."

"Ni kaɗai ce mai lambun!"

"Fure ne fa, Inna! Fure! Ana sayar da shi a kasuwa!"

"Je ka sayo mini Nhan a kasuwa."

Bai san wace ce Nhan ba. Ya dubi ubansa, uban ya kawar da kai. Luyen ta kama hannun nan mai tabo, ta jujjuya shi, ta ga abin da waya ba ta taɓa nuna mata ba, idonta ya kawo ruwa, abin ya ƙara ba ta haushi.

"Wa ya ce ka ƙona hannunka saboda ni? Da ka tambaye ni, da na ce ka sa a kankare gansakukar, a kafa mini gora in riƙa dafawa. Aikin yini ɗaya. Amma ka zauna da ubanka da yayarka kuka yanke, kamar yadda ake yanke wa gawa inda za a binne ta. Tun ina yarinya ake kai ni inda ba a tambaye ni ba. Na ɗauka a tsakar gidana na tsira."

Doan ya fice ya bar gidan, bai dawo ba sai da aka gama cin abinci. Bai ba ta haƙuri ba, har ya koma Koriya bai bayar ba. Amma ana gama bikin ya aro babbar guduma a wurin Tuyen, ya tuɓe riga, ya shiga dukan simintin kamar da shi suke faɗa. Ya fasa ɓangaren rijiya da tsakiya, ya bar hanya mai faɗi daga ƙofa zuwa baranda da wani fili ta gefen ɗakin girki.

"Wannan ba zan taɓa ba," ya ce yana haki. "In kin ga dama ki tsine mini."

"Bar shi. Ubanka ya shanya shinkafa a kai, ya ga abin da ya saya da mutuncinsa."

Kakar da ta biyo baya lambun ya yi fure, amma ba a rage tafiya dominsa. Lakar ba ta gama ruɓa ba, ga zafin siminti na dukan tsiron ta kowane gefe. Zankon zakara ya fito gajere, jansa kamar an wanke. Kuk ɗin kasuwa da Thoa ta aiko ya yi manyan furanni sau ɗaya ya mutu, Luyen ta tumɓuke ta jefa wa aladun Mui. Ta bi ƙauyukan da ke gefen kogi a bayan babur tana leƙa gidajen mutane ko za ta ga irin na Nhan, mai ƙananan furanni da ɗacin ƙamshi. Ta sami masu kama da shi, ba ta sami shi ba. Fu-zung kuwa ta samo reshe a wani gida can ƙetaren kogi. Ya kama, ya kai mata ƙirji, ya yi 'yan furanni, amma falle ɗaya ne, ba masu ninki kamar na da ba, kuma jansa ba ya nuna sosai. Ta ce kafin ya kai rufin ɗaki ita ta daɗe a ƙasa.

Tana nan har yanzu. Ta mayar da tabarmarta ɗaki da sanyi ya shigo, ta ce saboda ƙafafunta ne. Tana ɗaukar wayar Doan, ta tambaye shi hannunsa, ta tambaye shi yaushe zai yi aure, amma ba ta taɓa juya wayar ta nuna masa tsakar gida ba. Ciwon bayan Khiem bai warke ba tun shigarsa kududdufi. Da yamma takan kwantar da shi a kan gadon gora a baranda, ta murza masa man zafi da ƙarfin da ya fi na magani.

"A hankali, Tsohuwa, kashe ni za ki yi?"

"Ba yanzu ba. Gefen rijiya na buƙatar baro biyu, kuma ta gefen gora na ce, ba inda ka ga dama ba. Juya."